Zoben bakin igiya

Zoben bakin igiya shi ne da'irar da ake yi a ƙarshen igiya domin a zura ta a turke ko ƙugiya, ko a ɗaura mata guga, ko anka, ko wani abin da za a ja. Matuƙan jiragen ruwa na Turai da Amurka suna kiran wannan zobe "ido". Ana yin sa da ƙulli, ana yin sa da naɗi ko ɗinki, ana kuma yin sa da sarƙe, wato a mayar da bakin igiyar cikin jikinta har ta riƙe kanta ba tare da ƙulli ba. Yawancin igiyoyi a wurin zoben suke tsinkewa ko su kwance, don haka hanyar da aka bi wajen yin sa ita ce ke nuna yawan ƙarfin igiyar da zai yi amfani. Hanyar kuwa ta danganta da ƙirar igiyar: ta tufka ce ko ta saƙa, kuma da wane irin zare aka yi ta.

Amfaninsa a ƙasar Gobir

A ƙauyukan gabashin Jihar Sakkwato, irin su Burkusuma da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, kusan kowane aikin gida da na gona yana da igiyarsa. Akwai igiyar guga da ta wasaki, akwai akalar raƙumi, ragamar doki, dabaibayi da talala, akwai dangwalin da Fulani ke jera maruƙa a jikinsa, wanda shi kansa doguwar igiya ce mai zobba da yawa. Da damina, idan Bunsuru da Gagare suka kawo ruwa suka cika Gulbin Rima, masu fito suna ɗaure kwale-kwalensu a bakin gaɓa da igiya mai zobe. A jigawa, inda rijiyoyi ke da zurfi, ana auna igiya da gaba, kuma a arewacin Maraɗi da ƙasar Tawa a Jamhuriyar Nijar akwai rijiyoyin makiyaya da sai raƙumi ko sa ke jan wasakinsu saboda tsananin zurfi.

Tun da can ana tufka igiya da rama, da kaba, da ɓawon kuka ko na kalgo, a kuma yi kiri da fatar sa. Mai tufka da hannu yakan sami zobensa tun daga farko: sai ya ninka zaren gida biyu, ya bar ɗan fili a wurin ninkin, sannan ya ci gaba da murzawa. Irin wannan zobe ba shi da mahaɗi ko kaɗan, domin da shi aka haifi igiyar. A dabaibayi akan yi zobe a baki ɗaya, a yi ƙulli mai kauri a ɗaya bakin, a riƙa zura ƙullin cikin zoben kamar maɓalli.

A yau igiyar roba ta masana'anta ta mamaye kasuwanni, tare da wadda ake tufkawa da zaren tsofaffin buhunan taki da na hatsi. Jama'a kan kira su duka nailan, amma mafi yawansu na folifirofilin ne, robar da aka fara sarrafawa don kasuwa a Italiya a shekarar 1957. Tana da arha, tana yawo a saman ruwa, amma rana na cinye ta da wuri, kuma tana da santsi da taurin da ke sa ƙulli ya saki.

Dalilin da ƙulli ke rage ƙarfi

Idan igiya tana miƙe, duk zarenta na raba nauyi daidai. A cikin ƙulli kuwa igiyar tana yin lanƙwasa mai tsanani, sai zaren da ke bayan lanƙwasar ya miƙe fiye da na ciki, ya ɗauki nauyin shi kaɗai. Shi ne ke fara tsinkewa, sauran su biyo baya. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙulle-ƙullen da aka saba da su kan bar wa igiya tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinta. Ƙullin da matuƙan jirgi suka fi yin zobe da shi, wanda suke kira bolin, yana cikin wannan rukuni. Sarƙen da aka yi da kyau kuwa yakan bar mata kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye.

Misali, a ce igiya tana tsinkewa a nauyin kilo 1,000. Da sarƙe za ta kai wajen kilo 900, da ƙulli wataƙila 600. Ƙa'idar masu aikin igiya ita ce kada a ɗora mata fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da zai tsinka ta, idan kuma ran mutum ne a kanta, kashi ɗaya cikin goma. Ke nan ta farko za ta yi aikin kilo 180, ta biyu 120. Ga mai jan guga wannan bambanci ba ya nufin komai. Ga mai yasar rijiya da ake zurarawa da igiya, ko mai janyo motar da ta kafe a yashi, yana nufin abu mai yawa.

Ƙulli yana da nasa amfanin da sarƙe ba shi da shi: ana yin sa nan take, ba ya bukatar kayan aiki, kuma ana kwance shi. Sarƙe idan an yi shi an yi ke nan, sai dai wuƙa.

Sarƙen igiya mai sili uku

Wannan shi ne mafi daɗewa kuma mafi sauƙi, kuma shi ne ya dace da yawancin igiyoyin da ake samu a kasuwannin ƙasar Hausa. Ana warware bakin igiyar ya rabu sili uku, a ɗaure wurin da warwarar ta tsaya, a ƙona kan kowane sili kaɗan idan na roba ne. Sai a lanƙwasa igiyar gwargwadon girman zoben da ake so. A buɗa tufkar jikin igiyar da tsinken katako ko ƙaho, a cusa sili na tsakiya ƙarƙashin sili ɗaya, ta fuskar da ta saɓa wa tufkar. Na hagu ya shiga ƙarƙashin silin da ke biye. Sai a juya igiyar a cusa na uku ƙarƙashin wanda ya rage. Idan an yi daidai, silin uku za su fito a layi ɗaya, kowanne ta kafarsa. Daga nan kowane sili sai ya riƙa hawa kan ɗaya yana shiga ƙarƙashin ɗaya.

Igiyar rama da makamantanta zagaye uku ya ishe ta, domin zarenta na da kaushi yana kama juna. Ta roba tana bukatar aƙalla biyar. A zagayen ƙarshe akan rage kaurin kowane sili don sarƙen ya sauka a hankali, sannan a murza shi a ƙasa da tafin ƙafa ya zauna. Cusa sili na uku shi ne inda masu koyo suka fi kuskure, su tura shi kafar da wani ya riga ya bi, sai a yi ta tufka da warwara.

Igiya mai saƙa biyu

Igiya mai saƙa biyu igiya ce a cikin igiya. Akwai ta ciki, wadda saƙaƙƙiya ce mai rami a tsakiya kamar bututu, akwai kuma ta waje da aka saƙa a kanta. A wannan maƙala za a kira ta ciki hanji, ta waje kuma riga. Kamfanin Samson na Amurka ne ya fara fito da irinta ta zaren roba a shekarar 1957, bayan samuwar nailan a 1935 da foliyesta a 1941. Ta karɓu a jiragen da iska ke turawa saboda tana da laushi a hannu, ba ta murɗewa idan an ja ta, kuma tana gudu sumul a kan gargare. Da ita ake ɗaga babban ƙyallen jirgi a kuma juya shi. A Najeriya ana ganinta a wurare irin su kulob ɗin jiragen ruwa na Legas, wanda aka kafa a 1932, da tashoshin jiragen ruwa da wuraren aikin mai. A Arewa ba ta da yawa, sai dai wadda ta shigo cikin kayan gwanjo ko kayan aikin kamfanoni.

Tunda ba ta da silin da za a warware, sarƙenta ya dogara ne da wata ɗabi'a ta saƙaƙƙen bututu. Idan aka tura shi ya takure, yakan buɗe ya yi faɗi. Idan aka ja shi ya miƙe, sai ya tsuke, kamar safa. Duk abin da aka binne a cikinsa, gwargwadon ƙarfin ja gwargwadon matsewar da zai sha. Babban kayan aikin shi ne wani siririn bututun ƙarfe mai tsini da ake kira fid, wanda ke yi wa igiya abin da basilla ke yi wa buhu. Da shi kuma ake awo: tsawon fid ɗaya shi ne kaurin igiyar sau 21. Ga igiya mai kaurin milimita 12, fid ɗaya ya kama kusan santimita 25.

Sarƙen hanji da riga

Idan hanji da riga duk na foliyesta ne, ko duk na nailan, suna raba nauyi kusan rabi da rabi. Dole ne sarƙen ya kama su duka biyun, kuma dabarar ita ce kowanne ya shiga cikin ɗan'uwansa.

Ana auna fid ɗaya daga bakin igiyar a yi alama. Daga alamar a lanƙwasa zoben, a yi alama ta biyu a inda zai rufe. Sai a yi ƙullin wucin gadi kimanin fid biyar daga nan, domin kada hanji da riga su goce wa juna a sauran tsawon igiyar. A alama ta biyu ake buɗa saƙar rigar a zaro hanjin gaba ɗaya, bakin rigar ya zauna fanko. A ture rigar baya wajen ƙullin don ƙarin hanji ya fito. Bakin rigar nan fanko shi ake sirantawa, ta hanyar yanke wasu zarurruka a tsallake, a zura shi cikin ramin hanjin na tsawon fid ɗaya da ɗoriya. Shi kuma bakin hanjin a zura shi cikin rigar, ya bi ta cikin zoben ya fito bayan maƙogwaron da kamar rabin fid. Wurin da suka gitta juna dole ne a ja shi ya matse sosai.

Aiki na ƙarshe shi ne mafi wahala. Ana maƙala ƙullin wucin gadin a wani abu mai ƙarfi, a riƙa tatso rigar da aka ture baya zuwa wajen zoben, har ta haɗiye hanjin da abin da ke cikinsa, magittar ma ta shige. A maƙogwaron zoben kaurin ya kusa ninkawa, saboda haka rigar kan cije. Akan lanƙwasa wurin a sassauta shi, ko a bubbuga shi da guduma ta katako, a kuma fizga da ƙarfi. Idan ya shige sai a ɗinke maƙogwaron da zare mai ƙarfi, don kada sarƙen ya zame lokacin da babu nauyi a kansa.

Wannan hanya tana ba da zobe mai kyan gani da ƙarfi, amma sabuwar igiya take so. Wadda ta sha aiki rigarta ta riga ta tsuke, ƙura da gishiri sun shige ta, kuma ba ta buɗewa. Akan wanke ta a jiƙa ta kafin a fara, akan kuma ƙara siranta abin da za a binne, duk da haka wata ba ta yarda. Alamar kuskuren da aka fi gani ita ce wuri mai laushi ko fanko a gefen maƙogwaro, wanda ke nuna an yanke bakin hanjin ya gaza.

Sarƙen hanji kaɗai

Daga baya an samu zarurruka masu ƙarfin gaske da ba sa miƙewa sosai. Akwai Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965, akwai kuma Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, da takwaransa Spectra na Amurka. Igiyar da aka yi wa hanji da irin waɗannan, aka sa mata rigar foliyesta, a ido ba ta da bambanci da ta farko. Amma a aiki hanjin ne ke ɗaukar kusan dukkan nauyin, domin kafin rigar ta miƙe har ta fara taimakawa, shi ya riga ya kai iyakarsa. Rigar kariya ce kawai daga gogayya da rana, da kuma abin da hannu zai riƙe.

Don haka a nan hanjin ake binnewa a cikin kansa. Ana zaro shi, a yi zoben da shi, a siranta bakinsa a hankali, a zura shi cikin raminsa. Saboda Dyneema na da santsi kamar an shafa masa mai, binnewar tana da tsawo: kaurin hanjin sau 60 zuwa 72. Hanji mai milimita 8 yana bukatar tsakanin santimita 48 da 58. Sirantawar ma ba ado ba ce. Idan bakin da aka binne ya ƙare dungurungum, zaren waje zai yi lanƙwasa a kan wannan tudu, kuma a nan igiyar za ta tsinke.

Akwai saɓani tsakanin masu sana'ar game da rigar. Wasu suna barin ta ta zagaye zoben, su binne bakinta ko su naɗe shi a maƙogwaro. Wasu kuma suna tuɓe ta daga zoben da wani sashe na igiyar, su cusa bakinta cikin hanjin su ɗinke, don a rage nauyi a saman jirgi, abin da masu tsere suka fi so. Dyneema na jure rana da gogayya gwargwado, saboda haka yana iya zama tsirara. Kevlar da danginsa rana na lalata su, bai kamata a tuɓe su ba. A gefe guda Dyneema ba ya son zafi, yana narkewa a wajen digiri 145 zuwa 150 na ma'aunin Salsiyos, alhali foliyesta sai ya haura 250.

Babban haɗari shi ne a yi wa igiya mai irin wannan hanji sarƙen hanji da riga. Zoben zai fito tsaf, amma binnewar ta yi gajarta, kuma an ɗora wa rigar nauyin da ba nata ba. Ƙulli ma bai dace da ita ba, domin yana zamewa, kuma yana iya cinye fiye da rabin ƙarfinta. Kafin a fara kowane sarƙe, sai an san da me aka yi hanjin.

Makullin burumel

Burumel wata sarƙa ce da ake ƙarawa a gindin zoben hanji kafin binnewa. Ana zura bakin igiyar ta tsakiyar jikinta, sannan a zura jikin ta tsakiyar bakin, su kulle juna. Mutane da yawa suna ɗauka shi ne ke riƙe nauyin, amma ba haka ba ne. Aikinsa shi ne hana bakin zamewa lokacin da igiyar ke kaɗawa babu nauyi, wato aikin da ɗinki ke yi. Ƙarfin yana cikin doguwar binnewar da ke biye da shi, kuma wanda ya gajarta ta don ya dogara da makullin ya rage wa zobensa ƙarfi. Wasu masu sana'ar sun fi son binnewa zalla da ɗinki, don zaren ba ya karkacewa. Wasu sun fi son burumel don ba shi da zaren ɗinkin da zai ruɓe ko ya tsinke.

Ɗinki da naɗi

Ba kowace igiya mai riga ce ke karɓar waɗannan hanyoyi ba. Igiyar masu hawan duwatsu, wadda kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da ita a 1953, hanjinta tarin ƙananan igiyoyi ne a jere, ba bututu ba, rigarta kuma a matse take ƙwarai. Irinta ƙulli ake yi mata, ko a ɗinke zoben da keken ɗinki na musamman a masana'anta, a rufe ɗinkin da roba. Haka nan igiyoyi masu arha da ake gani a kasuwa da riga mai launi, waɗanda idan an yanka sai a tarar an cusa musu tarkacen zare ko wani abu kamar auduga a ciki. Waɗannan ba su da hanjin da za a sarƙe, ƙarfinsu kaɗan ne, kuma ba na ɗaukar mutum ba ne ko da yaya aka yi zoben.

Naɗi shi ne a ninka bakin igiya a jikinta a ɗaure su tare da siririn zare, zagaye bayan zagaye, a matse. A karkara akan yi shi da waya ko da tsagin robar tsohon tub na taya. Yana riƙe guga da akuya, amma roba na tsagewa a rana, waya kuma tana tsatsa tana yanka igiyar a hankali, a wurin da ido ba ya gani.

Girman zobe da kula da shi

Ko sarƙen ya yi kyau, zoben da ya yi wa turkensa kaɗan yana wahalar da maƙogwaronsa, domin ƙafafunsa biyu suna buɗewa suna neman yage shi. Ƙa'idar ita ce tsawon zoben ya kai aƙalla sau uku na kaurin abin da za a zura shi a kai. Idan kuma a siririn ƙarfe zai zauna, kamar zoben anka ko mariƙin guga, akan sa masa wani ƙarfe mai kwari a ciki, mai siffar ƙwai, wanda ke hana lanƙwasa mai tsanani da gogayya. A ƙauye guntun tiyo da aka zura wa igiyar kafin a rufe zoben yana yin kusan wannan aiki.

Ana duba zobe a wurare uku: ƙoƙonsa inda yake gogar ƙarfe, maƙogwaronsa, da inda binnewar ta ƙare. Igiyar folifirofilin da ta koɗe, ko take barin gari a hannu idan an murza ta, rana ta gama da ita, kuma sabon zobe ba zai mayar mata da ƙarfi ba. Nailan na gaskiya yana rasa kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa idan ya jiƙe, kuma saboda yana miƙewa sosai, idan zobensa ya tsinke a ƙarƙashin nauyi igiyar takan dawo da gudu kamar bulala. Shi ya sa a tashoshin jiragen ruwa ake hana ma'aikata tsayawa a saitin igiyar da ke ɗaure da jirgi, kuma hanin ya shafi duk wanda ke kusa da motar da ake janyowa daga laka ko yashi.